Wurin Zama a Gidan Wasa

Katsinawa sun iya kallo tun kaka da kakanni. Ran hawan Salla mai wayo kan nemi tudu a filin Kangiwa, daura da Ƙofar Soro, don ya ga jahi sosai, gama sha'anin dawaki na ido ne. Da sinima ta zo kuma, ta koya musu kujerun baya su ne na manya.

To, wasan kwaikwayo ba haka yake ba. A duba Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, wanda aka buga a 1960. Duk daɗinsa a baka yake, watau habaici da gatse da kissar Kyallu. In 'yan makaranta suka yi shi, muryar yaro da ƙyar take kai rabin ɗaki. Wanda ya koma baya don girma sai ya ga ana ta dariya, ya taɓa na kusa ya ce, "Me ta ce?" Kafin a gaya masa an wuce wurin. Na sahun farko kuwa yana jin malami bayan labule yana tuna wa yara magana, har wasan ya sire masa. Masu sani sahu na uku suke nema, tsakiya, tun ba a kunna fitila ba.