Dagin fenti da hannun magini

Duk baƙon da ya sauka gidana a Mai'adua, ko da cin kasuwar Lahadi ce ta kawo shi, sai ya ce in kai shi Daura. Hanyar ba ta canzawa: rijiyar Kusugu, a kurɓi ruwa, a sake jin labarin Bayajidda da macijiyar da ta hana ɗiban ruwa sai ran Juma'a, daga nan ƙofar fada, a ɗaga waya. Kafin la'asar hoto ya hau Facebook.

Wannan bai dame ni ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yayin da ya shigo: a rushe zauren kakanni, a tayar da na bulo, sannan a kira mai fenti ya zana dagi a saman ƙofa, wai an raya al'ada. Zayyanar magabata ba shafe ba ce. Da hannu magini ke fitar da ita tun yaɓe yana ɗanye, a bi ta da makuba, ta zama jiki ɗaya da bango. Zanko a sama, azara a ciki, ɗaurin guga ya ɗauke rufi babu ƙarfe ko ɗaya. Mai shakka ya tsallaka Kongolam ya je unguwar Birni a Damagaram ya sha kallo.

Wani malamin makaranta ya taɓa kawo mini misalin Stockholm, babban birnin Suwidin. A 1891 Artur Hazelius ya buɗe Skansen, inda aka kwaso tsofaffin gidaje kusan 150 daga sassan ƙasar aka sake kafa su wuri guda, har da masu gashin burodi da masu hura gilashi suna aiki a ciki, 'yan yawon buɗe ido na tururuwa. Ya ce mu ma mu yi haka. Na ce, Malam, yawancin nasu na katako ne, a kwance shi a ɗora a mota. Namu ƙasa ce. Soro ba ya ƙaura. Damina biyu babu yaɓe, ya koma inda ya fito. Ko a Jos, da aka so nuna masallacin Juma'ar Zariya na Babban Gwani Mika'ilu a gidan tarihi, sai da aka nemo magina suka gina kwafinsa daga tushe.

Saboda haka ni ba gini nake so a adana ba, mai ginin nake so a riƙe. Masarautar da ke da Sarkin Magina ba ta rasa inda za ta fara ba: zaure ɗaya a kowace gunduma, a damƙa wa tsofaffin gwanaye gyaransa duk bayan kaka, a biya su, yara su kama musu cuɗa ƙasa. Na san kwano ya fi sauƙi. Ni ma a ƙarƙashinsa nake kwana, ina gasuwa a bazara.

Tsohon maginin unguwarmu yanzu goro yake sayarwa. Ɗansa yana buga bulo a bakin titi, kuma da na tambaye shi yadda ake haɗa makuba, dariya ya yi ya ce, "Baba, ai sai dai ka tambayi tsoho."