Jinjina ga Masu Gyaran Rim a Takur

Masu gyaran ƙafar mota a Takur da sauran unguwannin Dutse sun cancanci yabo, domin da hannunsu tsofaffin motoci suke ci gaba da hawa titi. Dubi Peugeot 504, wadda aka haɗa a masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975. Ramukan notinta huɗu ne, a kan da'ira mai faɗin milimita 140, saboda haka rim ɗin alminiyam na yawancin motocin Japan ba ya shigarta. Gwani yakan auna kafin ya ɗaura, ba ya yarda ya fafe rami don neman kuɗi.

Idan rim ya lanƙwashe, sai gwanin ya cire taya, ya miƙar da bakin a hankali, don alminiyam yana tsagewa idan aka matsa masa. Ya goge tsohon fenti, ya duba ko akwai tsaga, ya fesa sabo, ya daidaita nauyin ƙafar. Wanda ya tsage kusa da noti kuwa, kai tsaye yake gaya wa mai mota ya haƙura da shi. Wannan gaskiyar tana tsare rayukan matafiya a hanyar Kano. Allah Ya yi wa sana'arsu albarka.