Aku a Ɗakin Jarrabawa: Tsokaci a Kan Yara da Karatun Nishaɗi

Duk manazarcin da ya dubi zubi da tsarin littafi na ɗaya na Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya wallafa a 1937, zai ga cewa bisa dabara guda aka gina shi. Musa ɗan Sarki Abdurrahman yana son fita daga fada ya bi Mahmudu fagen fama, alhali Waziri ya ɗana masa tarko a waje. Aku ba shi da makami sai bakinsa, don haka kullum dare sai ya jawo labari ya shagaltar da yaron har gari ya waye. Da labarin ya gundure shi dare ɗaya, da ya halaka. Wato Imam ya sa daɗin labari ya zama abin da ran tauraronsa ya rataya a kai.

To, yaya littafin yake isa ga ɗan talaka? Galibi ta hanyar manhaja. Malami ya tsaya da kwafi ɗaya a gaban aji, ya rubuta jigo da salo a allo, ɗalibai su haddace don jarrabawa. Yaron da ya kamata ya yi dariyar wautar Sahoro da Sahorama sai ga shi yana lissafin darussan da ke cikin labarin, tun bai ɗanɗana shi ba. A unguwanni irin su Sabo ta Ibadan da Agege ta Legas kuwa, inda Hausa ta tsaya a gida da kasuwa, yaro kan gama firamare bai taɓa riƙe littafin hira da harshensa ba.

A nan ne ya kamata mu manazarta mu yi wa adabin kasuwar Kano adalci. An soki littattafan su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da rashin tacewa da yawan soyayya, har a 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta ƙone wasu littattafan irin wannan a Kano. Sukar rashin tacewa tana da tushe. Amma rumfunan hayar littafi sun yi abin da ɗakunan karatu na gwamnati suka gaza: 'yar da ba ta da kuɗin saye ta karɓi haya, ta karanta cikin dare, ta miƙa wa ƙawarta. Dabarar akun nan ce marubutan suka ara, domin sukan yanke labari daidai inda zuciya ta ɗauka, a nemi littafi na biyu.

Sai dai matasa da matan aure aka rubuta wa waɗannan. Ɗan shekara 8 ko 10 ba shi da rabo a rumfar haya, kuma ƙagaggun labaran gasar Rupert East ta 1933, irin su Ganɗoki da Shaihu Umar, sun yi masa nauyi. Abin da yake bukata shi ne ɗan ƙaramin littafi mai zane, mai araha, wanda ba a liƙa masa tambayoyi a shafin ƙarshe ba.