Gida mai rigima: farkon tarihin Fantastic Four, 1961 zuwa 1970

A adabin Amurka na labarai cikin zane, wato ƙananan mujallun da ake ba da labari a cikinsu da jerin hotuna tare da rubuta maganar kowane mutum kusa da bakinsa, haɗa jarumai masu baiwar da ta wuce ta ɗan Adam a ƙungiya ɗaya ya daɗe da samuwa kafin 1961. An ga Justice Society of America tun 1940, kuma kamfanin DC ya fito da Justice League of America a 1960, sai dai mutanen waɗannan ƙungiyoyi abokan aiki ne masu ladabi, kowa da garinsa da sirrinsa, waɗanda masifa kaɗai ke tarawa. Da marubuci Stan Lee da mai zane Jack Kirby suka fitar da fitowar farko ta Fantastic Four a kamfanin Marvel, mai ɗauke da watan Nuwamba 1961, sun kawo mutane huɗu da zumunci ya ɗaure su tun kafin su sami wata baiwa: masanin kimiyya Reed Richards, da budurwarsa Sue Storm, da ƙanenta Johnny, da amininsa matuƙin jirgi Ben Grimm.

Labarin ya samo asali daga tseren zuwa sararin samaniya tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet, domin a shekarar ce Yuri Gagarin ya kewaya duniya. Mutanen huɗu sun tashi cikin kumbo da gaggawa don kada abokan gaba su riga su, wasu haskoki na sararin samaniya suka ratsa jikinsu, Reed ya koma mai miƙewa kamar roba, Sue tana ɓacewa daga gani, Johnny yana kamawa da wuta, Ben kuwa ya rikiɗe ya zama ƙaton halitta mai fata kamar dutse, kuma ba ya iya komawa kamanninsa lokacin da ya so.

A kan Ben Grimm ne nauyin wannan aiki ya tsaya, domin shi ne ya nuna cewa baiwa na iya zama musiba ga mai ita. Yana ɗora wa Reed laifin halin da ya shiga, yana cacar baki da Johnny kusan a kowace fitowa, yana yin fushi ya fice daga gida sannan ya dawo, tun da ko harshe da haƙori sukan saɓa. Jaruman huɗun ba su ɓoye sunayensu ba, ba su ma sa rigar aiki iri ɗaya ba sai a fitowa ta 3, kuma suna zaune ne a birnin Niyok na zahiri. A fitowa ta 9 har talauci ya same su bayan Reed ya yi asarar kuɗinsu a kasuwar hannun jari, abin da masu karatu ba su saba gani ya sami jarumi ba. Masu nazari da yawa suna ganin Kirby ya zuba halinsa a cikin Ben, domin Kirby ɗan Yahudawa 'yan ƙaura ne da ya tashi a unguwar talakawa ta Lower East Side, inda yara ke girma cikin faɗan titi.

Wannan ya kai ga tambayar wane ne ainihin mai labarin, wadda ta samo tushe daga yadda Lee da Kirby ke aiki. Lee ba ya rubuta cikakken labari, sai dai su tattauna jigonsa a taƙaice, Kirby ya je ya zana shafukan yana yanke shawarar abin da zai faru, daga baya Lee ya sanya maganganun. Bisa wannan tsari mai zane ya zama abokin ƙirƙira, ko da yake sunan da aka ba shi a shafin farko bai nuna haka sosai ba. Lee da bakinsa ya amince cewa Silver Surfer, manzon Galactus mai cinye duniyoyi a fitowa ta 48 zuwa 50 a 1966, Kirby ne ya ƙara shi ba tare da an tsara shi tun farko ba. A shekarar ce kuma fitowa ta 52 ta gabatar da Black Panther, sarkin ƙasar Wakanda da aka ƙirƙira a Afirka, baƙar fata mai ilimi da dukiya wanda ya gwada ƙarfi da jaruman huɗu a ƙasarsa, a lokacin da irin waɗannan mujallu suka fi nuna ɗan Afirka a matsayin ɗan dako ko mazaunin daji.

Duk wanda ya bibiyi fitowa 102 da suka yi tare zai ga cewa muryar Lee, mai barkwanci da jan hankalin mai karatu, ta ba mutanen harshe, amma girman tunanin da ke cikin shafukan daga hannun Kirby ya fi fitowa, kuma rashin adalci ne a ɗauke shi mai cika umarni kawai. Kirby ya bar Marvel ya koma DC a 1970 cikin ɓacin rai, ya rasu a 1994, kuma sai a 2014 iyalansa suka sasanta da kamfanin Marvel a kan haƙƙin abubuwan da ya ƙirƙira.