Ƙugiyar Sifirin: Abin da Bakanike Ke Ƙera wa Kansa

A akwatin kayan aikin tsohon bakaniken babur akwai abubuwan da ba a kanti aka saye su ba. Ɗaya daga ciki wata 'yar sandar ƙarfe ce, tsawonta bai fi taƙi ɗaya ba, bakinta a lanƙwashe, gindinta da mariƙi a gicciye. Aikinta guda ne: jawo sifirin ɗin salansa har ya hau kan kunnensa.

Asalin matsalar daga baburan tsere ta fito, musamman masu injin nan da ke cin fetur gauraye da mai. A shekarun 1950 wani injiniyan kamfanin MZ na Jamus ta Gabas, Walter Kaaden, ya ƙware wajen ƙera salansa mai kumburin ciki da ke ƙara wa irin wannan injin ƙarfi, kuma bayan da direbansa Ernst Degner ya tsere ya koma Suzuki a 1961 fasahar ta isa Japan. Irin wannan salansa gwangwaninta ba kauri, injin kuma da jijjiga, ga zafi da ke sa ƙarfe ya buɗe ya tsuke. In aka ɗaure ta da noti tamau, tsagewa za ta yi. Shi ya sa ake riƙe ta da sifirin, ta samu damar motsawa. Jincheng da Boxer da suka cika titunanmu da noti aka kama tasu, amma wannan ƙugiyar ce dai ake nema idan sifirin ɗin ƙafar kafe babur ko na birki ya fita.

Yaron gareji filaya yake fara ɗauka, kuma nan ne kuskuren. Tun 1678 Robert Hooke ya bayyana cewa gwargwadon yadda ka ja sifirin, gwargwadon yadda ƙarfin da yake ja baya da shi ke ƙaruwa. Ke nan ƙarshen jan ne ya fi wuya, daidai lokacin da filaya ke suɓucewa, hannu ya daki injin, fata ta saluɓe. Ko ba ta suɓuce ba, haƙoranta na barin tabo a jikin wayar, kuma daga tabon nan sifirin yake karyewa bayan 'yan watanni. Ƙugiya kuwa ta idon sifirin take shiga, ba ta ciza, mariƙin kuma yana ba wa kafaɗa damar yin aikin da yatsu suka kasa.

Ana yawan yaba wa masu irin wannan dabara, a ce talaka ya iya maganin rashi. Ni yabon bai cika gamsar da ni ba, don yana rufe bambancin da ke tsakanin ƙira da kwaɓa. Wanda ya lanƙwasa wayar walda ya yi ƙugiya a ido kawai; ƙarfen mai laushi ne, ja biyu bakin ya miƙe. Wanda ya ɗauki tsohuwar sukudireba ya zaɓi ƙarfe nagari, to amma in ya gasa bakin ya yi ja, ya tsoma a ruwa, ya tsaya nan, ya mayar da shi kamar gilashi. Ranar da zai karye, tsinin fuskar mai ja yake nufa. Sai an sake ɗumama shi a hankali, har launin ya koma shuɗi-shuɗi, kafin ya yi taurin da ba ya ɓallewa. Maƙeran gargajiya masu yin lauje da wuƙa sun san wannan da ido, ba tare da ma'aunin zafi ba. Na'urar walda da ta mamaye wurare irin su Panteka a Kaduna ta kawo sauri, amma ba kowane mai riƙe da ita ne ya zauna kusa da zuga-zugi ba.

Sai kuma zurfin bakin ƙugiyar. In ya yi zurfi, sifirin zai hau kunne amma ƙugiyar ta maƙale tsakani, ta ƙi fita. In ya yi gajere, ya zame. A nan ce ta gida ta fi ta kanti, domin mai ita yakan goge bakin da magagari, ya gwada, ya sake gogewa, har ya dace da baburan da ake kawo masa.