Tarken Littattafan Bitar Jarrabawar Ingilishi na Ɗaliban Sakandare a Ƙasar Sin

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce yin tarken wani nau'in rubutu da ba kasafai ake kawo shi ajin nazarin harshe ba, wato littattafan bitar jarrabawa. An zaɓi waɗanda ɗaliban babbar sakandare na ƙasar Sin ke amfani da su wajen shirya wa takardar Ingilishi ta jarrabawar shiga jami'a, wadda Sinawa ke kira gaokao. Dalilin wannan zaɓi shi ne girman al'amarin. A shekarar 2024 mutum miliyan 13.42 suka yi rajistar jarrabawar, kuma mafi yawansu Ingilishi suka ɗauka a matsayin harshen waje, duk da cewa an yarda mutum ya ɗauki Rashanci ko Japananci ko Faransanci ko Jamusanci ko Sifaniyanci. Takardar za ta duba irin Ingilishin da waɗannan littattafai ke koyarwa, da abin da suka kyautata, da kuma inda suka gaza.

2.0 Tsarin Jarrabawar

An dawo da gaokao a shekarar 1977, bayan an dakatar da ita a zamanin Juyin Juya Halin Al'adu. Da farko makin harshen waje bai da wani nauyi, sai a 1983 aka fara lissafa shi cikakke. Tun daga 2003 cikin watan Yuni ake yin jarrabawar, ana farawa ranar 7 ga wata. A mafi yawan larduna jimillar maki 750 ce, kuma Sinanci da lissafi da harshen waje kowanne yana da 150. Ke nan kashi ɗaya cikin biyar na makin da ke yanke wa yaro jami'ar da zai shiga, ko ma shigar baki ɗaya, yana rataye ne a kan takarda guda ta awa biyu.

Sabon tsarin takardar ƙasa ya kasu kamar haka:

(a) Sauraro: tambayoyi 20, maki 30.
(b) Karatu: matani huɗu masu tambayoyi 15, sai matani na biyar da aka cire wa jimloli biyar, ɗalibi ya zaɓo su daga cikin bakwai. Maki 50.
(c) Sarrafa harshe: cike gurabe 15 ta hanyar zaɓi, da cike gurabe 10 na nahawu ba tare da zaɓi ba. Maki 30.
(d) Rubutu: gajeriyar wasiƙa ko sanarwa ta kimanin kalma 80, da ci gaban labari na kimanin kalma 150. Maki 40.

Biranen Beijing da Shanghai da Tianjin suna tsara tasu takardar, amma akasarin larduna ta ƙasa suke bi. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan rabon maki, domin shi ne ya fayyace siffar kowane littafin bita.

3.0 Siffar Littattafan

Mafi shahara cikin waɗannan littattafai shi ne jerin da ake kira Wu Nian Gaokao San Nian Moni, ma'ana "shekara biyar na jarrabawa, shekara uku na gwaji", ɗalibai kuma kan taƙaita sunan su ce "biyar-uku". Sunan ya faɗi abin da ke ciki: ainihin tambayoyin da aka yi a shekaru biyar da suka wuce, da tambayoyin jarrabawar gwaji na shekaru uku. Ana warwatsa tambayoyin ne a sake jera su bisa batu. Duk tambayar da ta shafi lokutan aikatau tana babi guda, duk wadda ta shafi gano jigon matani tana wani babin, sannan a ƙarshe a kawo amsoshi tare da bayani cikin Sinanci.

Bayan wannan akwai ƙananan littattafan kalmomi, waɗanda suka ƙunshi kalma dubu uku zuwa dubu uku da ɗari biyar da manhaja ta tanada, da littattafan samfurin insha'i, da takardun gwaji da makarantu ke bugawa. A shekarar ƙarshe ta sakandare kusan ba a koyar da sabon darasi, bita ake yi zagaye bayan zagaye, ana katse ta da manyan jarrabawowin gwaji. Sinawa da kansu sun raɗa wa wannan hanya suna "dabarar tekun tambayoyi".

4.0 Abin da Suka Kyautata

Ba adalci ba ne a fara da kushe. Abu na farko, littattafan sun san masu karatunsu. Aikatau na Sinanci ba ya sauya siffa don nuna lokaci, ƴan ƙananan kalmomi irin su le da guo ne ke ɗaukar wani sashe na wannan aiki. Haka kuma Sinanci ba shi da takwarorin a da the, kuma ba dole ba ne suna ya nuna jam'i. Waɗannan wurare uku su ne inda Basine ya fi tuntuɓe, kuma su ne inda darasin cike gurabe ya fi matsa masa. Ga misali irin nasu, wanda aka ƙirƙira don wannan takarda: a ba ɗalibi jimlar Last week my sister ____ an umbrella, a sa masa kalmar buy a gefe. Dole ya lura da bayanau na lokaci da ke farkon jimla kafin ya rubuta bought. Ɗalibin Hausa zai fahimci wahalar, tunda shi ma a harshensa aikatau ba ya sauyawa saboda lokaci: "ta saya", "za ta saya", "takan saya".

Wannan nau'in tambaya ya shiga takardun ƙasa ne a 2014, ya maye gurbin tsohuwar tambayar nahawu ta zaɓi ɗaya cikin huɗu. Canjin ya yi amfani, domin wanda ya gane amsa idan ya gan ta ba lalle ne ya iya fito da ita da kansa ba.

Abu na biyu shi ne yawan karatu. Yaron da ya shekara yana karanta matani uku ko huɗu a kullum, a kan kimiyya da tafiye-tafiye da tarihin mutane, dole idonsa ya saba da doguwar jimlar Ingilishi. Yau da gobe ka sa allura ginin rijiya. Abu na uku kuwa shi ne al'adar "littafin kurakurai", inda ɗalibi ke kwafe duk tambayar da ya faɗi, ya rubuta dalilin faɗuwar, ya riƙa komawa kanta. Wannan hanya ce mai kyau a kowane harshe. Na huɗu, littafin bita abu ne mai araha idan aka kwatanta shi da malamin gida ko tafiya ƙasar waje, saboda haka ɗan manomi a Gansu yana iya riƙe tambayoyin da ɗan attajiri a Shanghai ke riƙe.

5.0 Wasiƙun Li Hua

Rauni na farko yana sashen rubutu. Tun daga shekarun 1990 masu tsara jarrabawa ke umartar ɗalibi ya ɗauka cewa shi wani yaro ne mai suna Li Hua, ya rubuta wa abokinsa Bature wasiƙa: gayyata, ko ban haƙuri, ko ba da shawara, ko bayanin wata al'adar Sinawa. Nufin masu tsarawar mai kyau ne. Suna son ɗalibi ya tuna cewa rubutu yana da marubuci da mai karɓa da dalili.

Sai dai littattafan bita sun mai da wannan nufi ƙwarya ta haddacewa. Kowane nau'in wasiƙa an ba shi sakin layi uku: jimlar buɗewa da aka tanada, jimlolin tsakiya masu jere da "na farko, na biyu, bugu da ƙari", da jimlar rufewa da aka tanada. Sannan sai a kawo jerin abin da suke kira "manyan kalmomi", a ce wa yaro ya daina rubuta important ya rubuta of great significance, ya daina I think ya sa wani dogon yanki a madadinsa. Sakamakon shi ne wasiƙar da yaro ɗan shekara goma sha takwas ke gayyatar abokinsa wasan ƙwallon tebur da harshen da minista zai buɗe taro. Nahawun daidai yake, amma rajistar ta ɓace, kuma dacewar magana da mai sauraro rabin sanin harshe ce.

Har siffar rubutun hannu ta shiga ciki. Da yake ana ɗaukar hoton takardun amsa ne a duba su a kan kwamfuta, wani salon rubutu mai haruffa zagaye-zagaye masu tsafta ya bazu, ana danganta shi da makarantar sakandare ta Hengshui da ke lardin Hebei, har ana sayar da littattafan koyon sa. Lokacin da yaro ya kashe yana gyara gindin harafi, lokaci ne da bai kashe ba wajen tunanin abin da zai faɗa.

Masana gwajin harshe sun daɗe da nazarin yadda jarrabawa ke juya akalar koyarwa, musamman tun bayan maƙalar Alderson da Wall ta 1993. A kan wannan jarrabawa ta Sin, binciken Qi Luxia da aka buga a 2005 ya nuna cewa ayyuka biyu da aka ɗora mata suna karo da juna: tace ɗalibai don shiga jami'a, da gyara yadda ake koyarwa. Idan makomar yaro da darajar malami suka rataya a kan maki, aikin tacewa ne ke rinjaye.

6.0 Ci Gaban Labari

Don a karya haddar ne aka shigo da sabon aiki, wanda lardin Zhejiang ya fara a 2016, daga baya ya shiga takardun ƙasa. Ana ba ɗalibi labari na kimanin kalma 350 wanda aka yanke a tsakiya, a ba shi jimlar farko ta sakin layi biyu, shi kuma ya ƙarasa. Tunanin ya samo asali daga aikin Wang Chuming na Jami'ar Nazarin Harsunan Waje ta Guangdong, wanda ya nuna cewa mai koyo idan yana ci gaba da matanin da ya karanta, yakan ari kalmomi da ginin jimlar matanin, harshensa ya matso kusa da na marubucin. A ƙa'ida ba a iya haddace amsar labarin da ba a taɓa gani ba.

Amma masu littattafan bita ba su yi barci ba. Sun lura cewa labaran sukan ƙare da sulhu, ko taimako, ko darasin rayuwa, sai suka tattara jimlolin da za su shiga kowane labari: babin farin ciki, babin tsoro, babin nadama, babin yanayin sama. Hawaye na gangarowa a kumatu, zuciya na bugawa, rana na leƙowa daga bayan gajimare. Ɗalibi ya haddace ashirin ko talatin, ya shiga ɗakin jarrabawa yana neman inda zai dasa su. Wanda ya saba da littattafan soyayya na kasuwar Kano ya san yadda siffantawa ɗaya ke yawo daga littafi zuwa littafi har ta daina nuna komai. Duk da haka dole a yarda cewa wannan aiki ya fi wasiƙar Li Hua wuyar yi wa dabara, domin jimlar da aka haddace ba ta warware ƙullin labari. Sai yaro ya fahimci wane ne ya yi me, kuma me ya sa.

7.0 Bakin da Aka Bari a Rufe

Rauni mafi girma shi ne magana. A takardar ƙasa babu maki ko ɗaya na furuci a cikin 150 ɗin nan, don haka babu babinsa a littafin bita. Sinawa suna da suna ga abin da wannan ke haifarwa, suna ce masa "Ingilishin bebe": mutum ya karanta maƙala, amma ya kasa tambayar hanya.

Misali guda zai nuna yadda takarda ke ɓoye matsala. A rubutun Sinanci "shi" da "ita" haruffa biyu ne mabambanta, amma a baki furucinsu ɗaya ne, wato ta. Saboda haka ɗalibi da alƙalami a hannu ba ya cika rikita he da she, yana da lokacin tunani, kuma rubutun harshensa ya riga ya koya masa bambancin. Da ya buɗe baki sai ya kira mahaifiyarsa he. Bahaushe, wanda jinsi ke bin sa cikin "ya zo" da "ta zo", ba ya fama da wannan. Tambaya dubu ta cike gurbi ba za ta gano wannan kuskure ba, balle ta gyara shi.

Shaidar cewa laifin yana ga rabon maki ita ce abin da ya faru a wuraren da aka canza shi. Shanghai ta sa gwajin sauraro da magana cikin makin jarrabawa daga 2017, Beijing ta sa magana cikin gwajinta na kwamfuta daga 2021, lardin Guangdong kuma ya riga su. A waɗannan wurare littattafan bitar magana da manhajojin kwamfuta sun fito. Sai dai a nan ma akwai abin dubawa, domin gwajin magana yana bukatar na'urori da ƙwararrun malamai, abin da makarantar birni ta fi ta ƙauye samu. Ke nan gyaran da zai inganta ingancin gwaji yana iya rage adalcinsa.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ana iya cewa littattafan bitar Ingilishi na ƙasar Sin sun yi nasara a aikin da suka ɗauka, wato ƙara maki. Suna gina kalmomi da nahawu da saurin karatu. Suna raunana rubutu ta hanyar mai da shi haɗa guntayen da aka haddace, kuma suna barin magana a duk inda jarrabawa ta bar ta. Mai son gyara su sai ya fara da takardar jarrabawa, domin duk canjin da aka yi mata, a 2014 da 2016 da 2017, littattafan sun bi shi.

Ɗaliban wannan sashe, waɗanda da yawansu za su koyar da Hausa ko su tsara jarrabawarta, suna da aikin yi a nan. Kowa ya ɗauki takardar jarrabawar harshe guda da ya taɓa zaunawa, ya lissafa makin da aka ba sauraro da karatu da rubutu da magana, sannan ya rubuta shafi ɗaya a kan irin littafin bitar da wannan rabo zai haifar, da irin mai magana da zai fito daga ajin.