Ƙaddara Ce, Ko Hannun Uba?

Cikin 1963 Li Han-hsiang ya shirya wani wasan sinima a Hongkong bisa tsohon labarin Sinawa na Liang Shanbo da Zhu Yingtai. Yarinya ce ta yi shigar maza don neman ilmi, suka shekara 3 tare, Liang bai gane mace ce ba. Kafin ya farga, uban ya ba da ita gidan Ma. Baƙin ciki ya kashe saurayin. Ran biki ta faɗa kabarinsa, suka tashi malam-buɗe-littafi biyu.

'Yan kallo sukan yi kuka su ce ƙaddara ce. Ni a ganina daɗin waƙoƙin ne ya rufe laifin tsohon nan. Kwaɗayin arzikin gidan Ma ya raba su, amma wasan bai tuhume shi yadda ya kamata ba.